Zuwa da Kai Ko Aike? Muhawara Kan Jinkiri da Tsadar Kai Mutum Duniyar Mars

A watan Agustan 1969, makonni kaɗan bayan Neil Armstrong ya taka duniyar wata, Wernher von Braun, injiniyan da ya jagoranci ƙera rokar da ta kai shi can, ya gabatar wa gwamnatin Amurka da tsarin tura mutum goma sha biyu duniyar Mars. A lissafinsa za su tashi a ƙarshen 1981, su sauka a 1982. Gwamnatin Richard Nixon, wadda yaƙin Biyetnam ke lashe wa baitulmali, ba ta karɓa ba. A 1989 George Bush babba ya farfaɗo da zancen, daga baya ma ya sa wa'adin 2019. Da hukumar NASA ta buga lissafi aka ga abin zai doshi dala biliyan 500, sai majalisar dokoki ta kau da kai. Ɗansa ya zo a 2004 da shirin komawa duniyar wata nan da 2020, a wuce Mars daga can. An kashe kimanin dala biliyan 9 kafin Barack Obama ya soke shirin a 2010, ya ce shi a tsakiyar shekarun 2030 yake sa ran mutum zai kewaya Mars. A 2016 attajirin nan Elon Musk ya tsaya gaban taron masana a Guadalajara ta ƙasar Meziko, ya ce kumbon kamfaninsa na SpaceX zai iya tashi da mutane a 2024 su isa a 2025. A 2019 mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya ce Ba'amurke zai sake sauka duniyar wata kafin 2024 ta fita. Ta fita, ba wanda ya sauka. Tun da Eugene Cernan ya hau tsanin kumbonsa ya baro duniyar wata a Disamban 1972, ɗan'adam bai sake taka wata ƙasa ba in ba wannan tamu ba.

Wannan tarihi shi ya raba masu bin al'amarin gida biyu. Wasu suna ganin jinkirin ɗabi'ar aikin ce, kuɗin kuma farashin ilimi ne da al'ummar da take da hali ya kamata ta biya. Wasu kuma suna ganin fiye da rabin ƙarni na alƙawuran da ba a cika ba ya isa hujja cewa ana zuba dukiya ne a rijiyar da ba ta da gindi. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma ina ganin kowanne yana riƙe da gaskiyar da ɗayan ba ya son ji.

Masu kare jinkirin suna fara maganarsu da nisa, kuma suna da gaskiya su fara daga nan, domin yawancin mutane suna ɗaukar Mars tamkar zango na gaba bayan wata. Tsakaninmu da duniyar wata kilomita 384,000 ne, tafiyar kwana uku. Mars kuwa, a lokacin da ta fi kusantowa, tana nesa da mu kimanin kilomita miliyan 55, in ta koma bayan rana kuma ta kai miliyan 400. Ita da duniyarmu kowacce tana kewaya rana da nata saurin, saboda haka sai bayan kowane wata 26 ake samun lokacin da ya dace a harba kumbo. In an rasa wannan dama, ko da ƙusa ɗaya ce ta jawo, sai a jira shekara biyu da 'yan watanni. Tafiyar kanta wata shida ce zuwa tara. In an isa ma ba a juyowa yadda aka ga dama, sai duniyoyin biyu sun sake daidaita, shi ya sa zuwa da zama da dawowa ke cin shekara biyu zuwa uku. Saƙon rediyo yana ɗaukar daga minti uku zuwa ashirin da biyu kafin ya isa, amsar ma haka. A 1970, da tankin iskar oksijin na kumbon Apollo 13 ya fashe, injiniyoyin Houston sun yi ta magana da 'yan sama jannatin nan take, suka dawo da su gida cikin kwana huɗu. A hanyar Mars babu wannan gata. Wanda ya yi nisa a can, da gaske ba ya jin kira.

Sai nauyi. Roka kusan duk jikinta mai ne. Saturn V da ta kai mutane duniyar wata tana da nauyin tan 2,900 a lokacin tashi, amma abin da ya dawo ya faɗa teku da mutum uku a ciki bai kai tan shida ba. Kowane kilo na abinci, ruwa, iska da magani da za a kai Mars yana bukatar man da zai ɗaga shi, wannan man kuma yana bukatar man da zai ɗaga shi. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ba ya tashi sai lokacinsa, kuma yakan ajiye ƙunshin ciyawar raƙuma a hanya saboda dawowa. Haka mai zuwa Mars, dole guzurin komawarsa ya riga shi isa. Sai dai a Bilma akwai rijiya da dabino da mutane, a Mars babu ko ɗaya. Iskar can ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba, kashi 95 nata kuma iskar kabon ce da ba a shaƙa. Matsakaicin sanyin wurin ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Ƙasar wurin tana ɗauke da wani gishiri mai guba da kumbon Phoenix ya gano a 2008. Wannan siririyar iskar ita ce kuma babbar matsalar sauka: tana da kaurin da zai ƙone kumbo in ya shigo da gudu, amma ba ta da kaurin da lema za ta tsayar da kaya mai nauyi. Abu mafi nauyi da aka taɓa saukarwa lafiya a Mars shi ne motar bincike ta Perseverance a Fabrairun 2021, tan ɗaya da ɗan kai. Masaukin mutane da kayansu zai bukaci a sauke tan ashirin ko fiye a lokaci guda. Game da man dawowa, an gwada wata ƙaramar na'ura mai suna MOXIE a cikin Perseverance, ta tace oksijin daga iskar Mars, kuma ta yi nasara. Jimillar abin da ta samar daga 2021 zuwa 2023 giram 122 ne. Rokar da za ta ɗago mutum huɗu daga Mars tana bukatar oksijin kimanin tan 25.

Jikin mutum ma yana da nasa lissafin. A inda babu ƙarfin jan ƙasa, ƙashin ƙugu da na baya suna raguwa da kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari a kowane wata, tsoka tana saki, idon wasu yana sauyawa saboda ruwan jiki da ke taruwa a kai. Likitan nan ɗan Rasha, Valeri Polyakov, ya yi kwana 437 a jere a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995 don ya nuna cewa mutum zai iya jure tsawon tafiyar, kuma ya jure. Amma shi yana cikin garkuwar maganaɗisun duniyarmu, wadda ke kare mu daga tiririn da ke fitowa daga rana da zurfin sararin samaniya. Na'urar da aka ɗora wa motar Curiosity ta auna wannan tiriri a hanyarta ta zuwa Mars, aka ƙiyasta cewa zuwa da dawowa kawai, ban da zama, zai zuba wa mutum kimanin milisibat 660. Iyakar da NASA ta yanka wa ɗan sama jannati a duk tsawon aikinsa 600 ce, saboda haɗarin ciwon daji.

A nan masu kare jinkirin suke kawo hujjarsu mafi nauyi, wato gawarwaki. A Janairun 1967 wuta ta cinye mutum uku a cikin Apollo 1 tun yana ƙasa, a lokacin da ake tseren cika wa'adin da John Kennedy ya sa. A Janairun 1986 injiniyoyi sun yi gargaɗin cewa sanyin safiyar zai hana robar da ke toshe gaɓoɓin roka aiki, amma an riga an ɗaga ranar harba Challenger sau da dama, manya suka ce a tashi. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai, har da malamar makaranta. A 2003 Columbia ya wargaje yana dawowa, wasu bakwai suka rasu, kwamitin bincike kuma ya sake ambato matsin lambar cika wa'adi cikin dalilai. Saboda haka da sabon kumbon NASA na ɗaukar mutane, Orion, ya dawo daga gwajinsa na 2022, ba kowa a ciki, aka ga garkuwar zafinsa ta ɓantale a wurare fiye da ɗari, NASA ta ɗaga tafiyar da za a yi da mutane har sai an gano dalili. Wannan jinkiri ne da ya kamata a yaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle tafiyar da in an fara ba a fasawa.

Suna kuma tuna mana cewa dogon rata bayan nasarar farko ba sabon abu ba ne. Roald Amundsen ya isa ƙuryar kudancin duniya a Disamban 1911, ayarin Robert Scott ya biyo baya da wata guda ya halaka a hanyar dawowa, daga nan ba wanda ya sake tsayawa a wurin sai 1956, lokacin da jirgin sama ya mayar da tafiyar abin yi. Yau akwai masu bincike a can rani da damina. Apollo ma haka yake a wurinsu: yaƙin cacar baka ne ya haife shi kafin lokacinsa. A 1966 NASA tana karɓar fiye da kashi huɗu cikin ɗari na kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka, mutane kimanin 400,000 suna aikin, har a Kano an kafa tashar da ke bibiyar kumbunan farko na shirin Mercury in sun ratsa samaniyar Afirka. Yau kason NASA bai kai rabin kashi ɗaya ba. Wanda aka rage wa guzuri haka, in ji su, bai kamata a tuhume shi da nawa ba.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da su shi ne lokacin da suke son ɗora dukkan jinkirin da dukkan tsadar a kan nisa da tiriri. Masu suka sun buɗe littattafan kuɗi, abin da suka samu kuma ba shi da alaƙa da wuyar sararin samaniya.

A 2010 majalisar dokokin Amurka ta umarci NASA ta ƙera babbar rokar SLS, ta kasance a shirye kafin ƙarshen 2016. An ce za ta yi sauri da araha tunda da injunan tsohon kumbon Shuttle za a haɗa ta. Ba ta tashi ba sai Nuwamban 2022. Babban mai binciken kuɗi na hukumar a lokacin, Paul Martin, ya shaida wa majalisa cewa kowane tashi ɗaya na rokar da kumbon Orion zai ci dala biliyan 4.1, kuma shirin Artemis na komawa duniyar wata zai lashe dala biliyan 93 zuwa 2025. Injunan nan da aka ƙera don a yi ta maimaita amfani da su, yanzu tashi ɗaya suke yi a jefar da su a teku. Hasumiyar harba roka ta biyu, wadda aka ba da kwangilarta a 2019 a kan dala miliyan 383, ofishin mai binciken ya yi hasashen a 2024 cewa za ta iya kaiwa biliyan 2.7. Hasumiya dai ƙarfe ce a tsaye a Florida. Tiririn samaniya ba shi da hannu a tsadarta. Abin da ke da hannu shi ne irin kwangilar da ake biyan kamfani duk abin da ya kashe sannan a ɗora masa riba, ta yadda jinkiri ba ya jawo masa asara. Akwai kuma sanatocin jihohin Alabama, Louisiana, Mississippi da Utah, inda masana'antun suke, waɗanda a wurinsu rokar ta yi nasara tun ranar da ta fara biyan albashi a mazaɓunsu, ko ta tashi ko ba ta tashi ba.

Ga kuma sauyin gwamnati. Aikin da ke bukatar shekara ashirin ana gudanar da shi ne a ƙarƙashin shugabannin da wa'adinsu shekara huɗu ne ko takwas, kowanne kuma yana son a ce shi ya fara. Wannan ya ce wata, na bayansa ya ce a'a, wani dutsen samaniya tukuna, na bayansa ya ce a koma wata. Duk sauyi ɗaya yana nufin zane ya tashi a banza, ƙwararru sun watse, kuɗi sun tafi. Shi ya sa nake ganin shekarun da ake ambatowa ba daga teburin injiniya suke fitowa ba. Ana zaɓensu ne su yi kusa yadda za su burge mai jefa ƙuri'a ko mai saka jari, su kuma yi nisa yadda mai alƙawarin ba zai kasance a kujera ba ranar da za a tambaye shi. A 2019 wani binciken da majalisa ta sa aka yi ya nuna cewa ko kewaya Mars da mutane a 2033 ba zai yiwu ba, sai dai can ƙarshen shekarun 2030. Ba a daina faɗin ranakun kusa ba saboda haka.

Masu goyon baya suna da amsa a nan, kuma amsa ce mai ƙarfi: kamfanoni masu zaman kansu sun karya farashi. Kai kilo ɗaya sararin samaniya da Shuttle yakan ci fiye da dala 50,000. Da rokar Falcon 9 ta SpaceX, wadda tun Disamban 2015 gindinta ke dawowa ya sauka a tsaye a sake amfani da shi, farashin ya faɗo ƙasa da 3,000. A Oktoban 2024 duniya ta kalli hasumiya ta cafke gindin katafariyar rokar Starship ta kamfanin yana saukowa. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba. Sai dai araha zuwa bakin samaniya daban, isa Mars daban. Kafin Starship ta wuce ko da duniyar wata, sai an harba wasu tankoki goma ko fiye su yi mata ɗurin mai a sama, mai kuma mai tsananin sanyi da ke ƙafewa yana jira, kuma har 2025 ta ƙare ba a gwada wannan ɗuri tsakanin kumbo biyu ba. Kasuwa ma ba ta hana tuntuɓe. Butch Wilmore da Suni Williams sun tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Yunin 2024 cikin kumbon Starliner na Boeing da niyyar kwana takwas, matsalar injuna ta sa ba su dawo ba sai Maris 2025, a kumbon wani kamfani. Tashar nan kilomita 400 kacal take sama da kanmu, kuma akwai wanda zai je ya ɗauko su. Kasuwa ta kuma haifar da irin Mars One, kamfanin ƙasar Holan da ya yi shelar kai mutane Mars a 2023 tafiyar ba dawowa, dubban mutane suka nema, wasu suka biya kuɗin rajista, ya karye a 2019 bai mallaki ko roka ɗaya ba.

Akwai wata hujjar masu suka da na fi jin ta a bakin mutanenmu: ana yunwa a duniya, me ya kai mutum ɓarnar kuɗi a sama? Tsohuwar tambaya ce, kuma mai daraja. Ana gobe za a harba Apollo 11, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci iyalai matalauta da alfadarai da amalanke zuwa ƙofar filin harba rokar. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya ce da ƙin danna maɓallin zai magance matsalolinsu, da ba za a danna ba. Ina jin zafin tambayar, amma lissafi bai goyi bayanta sosai ba. Kasafin NASA gaba ɗaya kimanin dala biliyan 25 ne a shekara, na sojan Amurka ya haura biliyan 800, abin da ƙasashen duniya suka kashe a harkar soja a 2023 kuma ya haura tiriliyan biyu. Da aka soke Apollo 18, 19 da 20, kuɗinsu ba su koma tukunyar talaka ba. Mai neman inda abincin mayunwata ya maƙale, ya duba wajen makamai tukuna.

Wanda tsadar tura mutum ke ci wa rabo kai tsaye shi ne sauran binciken kimiyya, domin tukunyarsu ɗaya. A Mayun 2025 fadar White House ta gabatar da ƙudurin rage kasafin NASA da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, a zabge kusan rabin kuɗin sashen kimiyya, amma a ware dala biliyan ɗaya don shirin kai mutum Mars. Sashen kimiyyar nan shi ke kula da taurarin ɗan'adam da ke auna ruwan sama, zafin teku da danshin ƙasa, bayanan da masu hasashen damina da fari a yankin Sahel ke amfani da su kyauta. Shi ne ya harba kumbon DART, wanda a Satumban 2022 ya daki wani dutsen samaniya ya sauya masa hanya, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na tashin SLS guda ba. In ana maganar ceton ɗan'adam daga halaka, wannan gwaji ya fi kusa da ceto fiye da mafarkin gina gari a Mars. Masu cewa a nemi gida na biyu saboda wannan na iya lalacewa suna mantawa da cewa duniyarmu, ko bayan yaƙin nukiliya ko mummunan ɗumamar yanayi, za ta fi Mars iska da ruwa da ɗumi nesa ba kusa ba.

To, a bar mutum a gida a ci gaba da aika na'ura ke nan? Nan ne muhawarar ta fi daɗi, domin kowane ɓangare yana da abin nunawa. Masu son aike za su nuna maka Opportunity, motar da aka tsara ta yi kwana casa'in a 2004, ta yi shekara goma sha huɗu tana aiki har guguwar ƙura ta 2018 ta rufe mata hasken rana. Ita da 'yar'uwarta Spirit kimanin dala miliyan 800 aka kashe wajen ƙera su da harba su. Za su nuna maka Indiya, wadda ta kai kumbonta kewayen Mars a 2014 da dala miliyan 74, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin da suka isa a 2021. Na'ura ba ta ci, ba ta sha, ba ta bukatar a dawo da ita, in ta mutu kuma ba a zaman makoki. Har fasahar kyamarar da ke cikin wayarka, a ɗakin binciken NASA mai ƙera na'urori marasa matuƙi aka inganta ta a shekarun 1990. Masu cewa zuwa da kai ya fi aike kuma za su ce ka duba tafiyar Opportunity ɗin: kilomita 45 a shekara goma sha huɗu. 'Yan Apollo 17 sun yi kimanin kilomita 35 a kwana uku, suka kwaso duwatsu kilo 110, kuma ɗayansu, Harrison Schmitt, masanin duwatsu ne da idonsa ke gane abin da ya cancanci ɗauka. Steve Squyres, wanda ya shugabanci binciken Spirit da Opportunity, shi da kansa ya ce abin da motocinsa ke yi a yini guda mutum zai gama shi cikin ƙasa da minti ɗaya. Kilo 382 na duwatsun da Apollo ya kawo har yau ana samun sabon ilimi a cikinsu.

Ina tare da masu cewa wata rana mutum ya kamata ya je. Son ganin abin da ke bayan tudu yana cikin halittarmu, kuma duban halittar sammai da ƙasa ba wasa ba ne a wurin mai imani. Amma akwai jarrabawa guda da ke gabanmu yanzu, wadda ta fi duk jawabai bayyana inda aka kwana.

Duk dutsen Mars da ke hannun ɗan'adam a yau, shi ya kawo kansa. Ɗaya daga cikin mafiya shahara ya faɗo ne ranar 3 ga Oktoba, 1962, a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, nauyinsa kilo 18, ya kusa faɗa wa manomin da ke wurin. Mafi girma kuma, kusan kilo 25, a yankin Agadas aka tsince shi a 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Irin waɗannan duwatsu suna da amfani, amma ba a san takamaiman wurin da suka ɓalle ba, kuma doguwar tafiya da zaman da suka yi a nan sun taɓa su. Shi ya sa Perseverance take haƙar samfura a kwarin Jezero, inda tsohon tafki ya taɓa kwanciya, tana rufe su a bututu, kowane samfuri girman alli, jimillarsu ba za ta wuce rabin kilo ba. A Satumban 2025 NASA ta sanar cewa ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da alamun da mai yiwuwa ƙwayoyin halitta ne suka bar su tun zamanin da. Tabbatar da haka sai a ɗakunan bincike na nan duniya. Shirin ɗauko su kuwa ya cije: kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2023 cewa zai ci dala biliyan 8 zuwa 11, a 2024 NASA ta ce a wannan tsari ba za su iso ba sai 2040, ta koma neman wata hanya, ƙudurin kasafin nan na Mayun 2025 kuma ya nemi a soke shi ɗungurungum. Sin ta ce ita za ta harba nata kumbon ɗauko samfuri wajen 2028.

A lura da abin da wannan ke nufi. Har yau ba a taɓa harba komai daga doron Mars ya dawo ba, ko da girman ƙwallo ne. Ƙasar da ta ga rabin kilo na dutse ya yi mata tsada ita ce ke maganar kai mutane masu numfashi da ci da sha ta dawo da su. Wasu na cewa a bari 'yan sama jannatin su kwaso bututun in sun je. Wannan juya tsari ne, domin ɗauko dutsen shi ne gwajin sauka daidai wurin da aka nufa, da tashi daga can, da haɗuwar kumbo biyu a kewayen Mars, ba tare da an sa ran kowa a caca ba. Bugu da ƙari, mutum yana tafe da biliyoyin ƙwayoyin halitta a fatarsa da cikinsa. In ya riga amsar isa, zai yi wuya a sake bambance abin da aka tarar da abin da aka kai.

Hukuncina ke nan. Jinkirin da ya fito daga garkuwar zafi, tiriri da injin da bai gama gwaji ba, halal ne, a ƙara ma in da bukata. Tsadar da ta fito daga kwangilar da ba ta hukunta nawa, da siyasar mazaɓa, da sauya alƙibla duk bayan zaɓe, ba ta da uzuri, kuma kyan burin ba ya wanke ta. A dawo da bututun Jezero tukuna. A nuna ɗurin mai a sama, a sauke tan ashirin a Mars ba kowa a ciki, mutane su yi watanni a duniyar wata inda gida ke da nisan kwana uku. 'Yan jaridarmu da ke fassara mana waɗannan sanarwa a rediyo da intanet su riƙa haɗawa da tambayar nawa za a kashe, wa zai biya, kuma wanne daga cikin waɗannan aka riga aka yi. Duk shekarar da aka ambata kafin a yi su talla ce, kada mai karatu ya ɗauke ta a matsayin labari.